Ƙarin da Aka Yi Mini

Ina da shekara goma sha tara na haifi ɗana na fari, kuma tun kafin a yanke masa cibiya na san kan ubansa ya ɗauko. Ba zagi nake ba. Duk wanda ya san mijina ya san ba a samun hular da ta yi masa a kasuwar Hajj Abdalla, sai dai a aika garin Managil a ba da awo. To, irin wannan kan ne ya zo ya tsaya a bakin ƙofa wata safiyar Talata, ya ƙi fitowa, ya ƙi komawa. Daya, wato ungozomar ɗan asibitin ƙauyenmu, ta dube ni ta ce, "'Yata, zan ɗan buɗa masa hanya." Na ce ta buɗa ko da gatari ne.

Ta yi mini allura, ta ɗauki almakashi. Yankan bai dame ni ba, don a lokacin ina cikin abin da ya fi shi. Ɗinkin ne na san da shi. Ita dai ta ce ɗinki kaɗan ne. Ni da nake kwance ina kallon hannunta yana zuwa yana dawowa, na rantse ko buhun audugar da za a kai bakin teku ba a yi masa irin wannan ɗinki.

Wannan yankan yana da suna da Larabci, kuma duk sa'annina sun san shi. Amma tsofaffinmu da suka riƙe Hausar da kakanninsu suka zo da ita daga Sakkwato, ƙari suke ce masa. "An yi mata ƙari." Ƙasa-ƙasa ake faɗa, tsakanin mata, ana kallon gefe. Ni na san kalmar domin a gindin kakata na tashi. Mijina bai san ta ba.

Ɗan kawuna ne, taubashina, kakarmu ɗaya, muna ce mata Habboba kamar yadda kowa ke ce wa tasa. A Hasahisa ya girma, inda ubansa ya yi aikin masaƙa, sai da ya zama saurayi ya dawo ƙauye ya karɓi hawashar gidansu, gonar da ke bakin tur'a, babbar magudanar ban-ruwa. Larabcinsa kamar na mai karanta labarai. Hausarsa kuwa, mutum ne da ya taɓa fito wa dattawa uku da butar ruwa yana tambayarsu ko suna jin kishi. Ni na ce shi nake so, ba wanda ya sa ni. Na zaci Hausarsa abin dariya ce kawai.

Da aka gama ɗinke ni, Habboba ta fita ta same shi a gindin darbejiya yana kai-komo. Ta ce masa namiji ne. Sannan ta rage murya, kamar yadda ake yi, ta ce, "Amma an yi mata ƙari, sai a riƙa lallaɓa ta."

Ƙarin da mijina ya sani guda biyu ne: wanda ake miƙa kwano a nema in asida, tuwonmu na nan, ta yi daɗi, da wanda mai tumatir ke jefa maka bayan ya gama awo. Duka biyun alheri ne. Don haka ya ciro waya, ya buɗe zauren hirar 'yan ƙauyenmu, ya danna wurin ɗaukar murya, ya yi magana da Hausa don ya burge dattawa:

"Salamu alaikum jama'a, albishirinku. Iyalina ta sauka lafiya, an samu namiji. Kuma ba a nan abin ya tsaya ba, har ƙari aka yi mata. Allah ya sa kowa ya ga irin wannan a gidansa."

A cikin wannan zauren akwai liman. Akwai malamin da ya koya mini lissafi. Akwai danginmu na Damazin da Rosairis, da waɗanda ke aiki a Saudiyya, da wata gwaggo da aka ce ta kurumce amma ba abin da ke wuce ta.

Ni ban sani ba. An kai ni gidanmu wankan jego a bayan raksha, keke mai ƙafa uku, ina kishingiɗe a cinyar Habboba, kuma duk ramin da ke hanyar nan na san shi da sunansa. Kwana ukun farko ba ni da lokacin tunanin duniya. Ban taɓa sanin mutum da wurin nan yake yin komai ba. Tari, da wurin. Atishawa, da wurin. In miƙa hannu in ɗauki kofi, da wurin. Dariya kuwa haramun ce, sai in riƙe bakin angareb, gadon igiyar da nake kwance a kai, in roƙi mai ba da labari ya yi wa Allah ya fita. Zama ya gagara. Na koyi zaman ɓari ɗaya kamar kwale-kwalen da ruwa ya shiga. Tafiya daga ɗaki zuwa bayi, taku goma sha biyu ne, amma sai na yi sallama da mutanen gida kamar mai tafiya aikin hajji. Ranar da na fara jin bayan gida ya matso, na yi kuka tun kafin in tashi. Habboba ta ɗura mini ruwa da madida, wato kunun hulba, har sai da cikina ya yi ƙara, ta tsaya a ƙofar bayin tana cewa, "Kar ki yi yunƙuri, bar shi ya taho da kansa, ba kora ake ba."

Sau biyu a rana akwai zaman baho. Habboba ta tafasa bagaruwa, ta tace, ta juye a baho, in zauna a ciki. A nan suka yi rigima da daya, wadda ke zagayowa gida duba ni. Habboba tana so ruwan ya kasance irin wanda ake fige kaza da shi. Daya ta tsoma gwiwar hannunta ta ce a surka, ɗumi kawai ake so, kuma in na tashi a tsane wurin da tsumma mai tsabta, kada a bar shi da laima. Ta ce ba hawa ramin hayaƙin da mata ke turara jiki sai wurin ya haɗe. Habboba ta ce su a zamaninsu ba a surki. Daya ta ce shi ya sa a zamaninsu ake jin ihun mai jego daga tur'a. Ina cikin baho ina kallonsu, ina addu'ar Allah ya ba daya nasara. Ya ba ta. Amma da ta fita sai Habboba ta ƙara moɗa ɗaya na zafi don kada a ce ta sha kaye.

A rana ta huɗu na lura da wani abu. Matan da ke zuwa barka, duk wadda ta ɗauki jariri ta yaba, sai ta juyo gare ni da fuska a ɗaure ta ce, "Allah ya ƙara." Ta biyu ta faɗa. Ta uku ta faɗa ta kuma toshe baki da gefen tob ɗin da ta lulluɓa da shi. Ta huɗu maƙwabciyarmu ce, wadda in magana ta kwana a cikinta sai ta tashi da zazzaɓi. Ita ce ta zauna a bakin gadona, ta ciro waya ta ce, "Ke, wai ba ki ji saƙon maigidanki ba?"

Ta kunna. Na ji muryarsa, cike da murna, har da ɗan tsayawa kafin ya ce "ƙari" don abin ya shiga. Na ce ta sake kunnawa. Ta sake. A ƙasan saƙon akwai amsoshi. Samari, waɗanda Hausarsu irin tasa ce, duk sun rubuta mabruk, wato barka. Dattawa ba wanda ya ce komai, sai liman da ya rubuta, "Allah ya ba da lafiya."

Na juya fuska bango. Da ɗinkin zai bari, da na tashi na bi ta tur'a na shige.

Wanda ba ɗan ƙauyenmu ba zai ce mene ne a ciki, kwana biyu an manta. A wurinmu ba a mantawa. Akwai wata tsohuwa a unguwar gabas da santsi ya kwashe ta ta faɗa ruwa ranar da ake kai ta gidan miji. Yau ta ga tattaɓa-kunnenta, ta je Makka sau biyu, haƙoranta sun ƙare, amma har yanzu Ta-tur'a ake ce mata. Sunanta na yanka ko 'ya'yanta sai sun yi tunani. Laƙabi a ƙauyenmu in ya kama mutum, da shi ake yi masa sanarwar jana'iza.

Na ce wa Habboba, "Ke kika ja mini. Me ya hana ki faɗa masa da Larabci?"

Ta ce, "Mi zai sa in faɗi maganar kunya da harshen da kowa ke ji? Na faɗa da namu don in rufa miki asiri. Ina na san jikana jaki ne?"

Ranar suna abin ya tabbata. An yi mini lalle, an naɗa mini sabon tob, an ɗora ni a kan angareb a tsakiyar mata kamar kayan gwanjo, ni kuma ina zaune a ɓari ɗaya ina murmushin da bai wuce haƙora ba. Ɗaki ya cika, wata tana neman wurin ajiye tiren shayi, sai na ji an ce daga bayan ɗaki, "Ku matsa, kar ku takura wa Mai-ƙari." Ba wanda ya yi dariya mai ƙarfi. Wannan ya fi ba ni tsoro. Sun karɓi sunan kamar dama can nawa ne.

Kwana biyu bayan suna, da la'asar, mijina ya zo. Da yake gidan gwaggonsa ne ba ya jin nauyin shigowa. Ya kawo lemu da dabino, ya ɗauki ɗansa yana juya kan nan nasa yana yabawa. Na riga na shirya abin da zan faɗa masa, na kuma ajiye kofin ƙarfe kusa da hannuna don rufe jawabi.

Ya ce, "Kin san saƙon nan nawa ya yi farin jini? Duk inda na bi sai a tsayar da ni. Jiya wani dattijo ya riƙe hannuna yana dariya har da hawaye, don murna."

Na ce, "Ɗan kawu, wai me ka ɗauka ƙari?"

"Haba, kina raina Hausata. Abin da ake ƙara wa mace in ta yi ƙoƙari mana. Allurar ƙarfi, ko ba haka ba? Ba kowa ake wa ba."

Na buɗe baki zan gaya masa gaskiya. Da na faɗa, da ya ji kunya, da ya ba ni haƙuri, da kuma na ci gaba da zama Mai-ƙari har ranar da za a ɗauke ni. Amma kafin in yi magana ya ja kujera ya zauna, ya dafe ƙugu ya ce, "Wash. Bayana zai ɓalle. Ban-ruwan hawashar nan ya kashe ni. Ke kam kin more, kina kwance kina hutu, ana dama miki madida."

Hutu.

Na dubi kofin ƙarfen. Na ga ya yi kaɗan.

Na gyara murya na ce, "Ai kuwa da ka sani. Uban jariri ma ana yi masa."

"Ana yi masa me?"

"Ƙari. Al'adar kakanninmu ce tun daga Sakkwato. In an yi wa mace, mijin ma yana da haƙƙin nasa, in dai ya nema kafin a yi arba'in. Samarin yanzu ne ba su sani ba. Wanda aka yi wa, mantawa yake da ciwon baya gaba ɗaya."

Wannan na ƙarshen ba ƙarya ba ne.

Ya matso da kujera. Na ce masa sharuɗɗa uku ne. Da Hausa ake nema, don abin na gargajiya ne. A gaban shaidu ake nema. Kuma daya za ta ƙi da farko, don ta gwada ko da gaske kake, sai ka tsaya kai da fata.

Bai yarda nan take ba, ya san ni. Tun muna yara na taɓa sa shi ya ci sabulu da sunan halawa. Ya leƙa tsakar gida ya kira Habboba, wadda ke tsince wake a inuwar rakuba, rumfar tsakar gidanmu, kuma na san ba kalmar da ta wuce kunnenta.

"Habboba, wai gaskiya ne abin nan yana sa mutum ya manta da ciwon baya?"

Habboba ba ta ƙarya, carbi ba ya barin hannunta. Ta ɗago, ta dube shi, ta dube ni ta ƙofa, ta mayar da kai kan wakenta.

Ta ce, "Ni dai sau uku aka yi mini. Duk lokacin ban tuna ina da baya ba."

Ya tafi yana murna. Ni kuma na kwanta na fara jinya da gaske, don yanzu ina da dalilin warkewa. Daya ta ce za ta zo duba na ƙarshe in na kusa wata guda, kuma na ƙudurta a raina ranar nan a zaune zan kalli abin, a kan ɓari biyu, in kuma yi dariyata ba tare da riƙe gado ba. Ban taɓa bin umarni irin na kwanakin nan ba. Baho safe da yamma. Ruwa kamar raƙumi. Ba ɗaukar abu mai nauyi in ba mai kan nan ba. Da wurin ya fara ƙaiƙayi, irin wanda ke sa mutum ya so ya hau bishiyar ƙaya ya zamo, na cije na bar shi, don daya ta ce alamar haɗewa ce. Wata safiya na ga ɗan guntun zare a cikin baho, na tsorata na ce na warware. Habboba ta ce irin zaren da ke narkewa ne, in daina yi wa mutane ihu. Sannu a hankali taku goma sha biyun ya koma taku goma sha biyu. A kwana na ashirin da wani abu na yi atishawa, na jira azaba, ba ta zo ba. Na sake yin wata da gangan.

A duk wannan lokacin sunan yana ta yin saiwa. Mai kawo mana madara ta tambayi jikin Mai-ƙari. Gwaggon nan da aka ce kurma ce ta aiko da turare daga Rosairis, ta ce a ba Mai-ƙari. Duk wanda ya faɗa, sai in ƙara moɗa ɗaya a bahon da nake tanadar wa mijina a raina.

Shi kuwa duk zuwan da zai yi sai ya tambaya yaushe dayar za ta zo. Na sa shi ya haddace abin da zai ce. Na gyara masa ƙ ɗin har sau goma, don ba na so a samu wanda zai ce bai ji daidai ba.

Ana gobe daya za ta zo, na aika wa maƙwabciyarmu mai zazzaɓin magana cewa gobe da hantsi akwai jabana a gidanmu, kofi mai citta, da dabino, amma kada ta gaya wa kowa. Da hantsi ya yi, mata sun fi ashirin a ƙarƙashin rakuba.

Daya ta zo da akwatinta na ƙarfe. Ta shiga ɗaki ta duba ni, ta ce wurin ya haɗe kamar ba a taɓa ba, saura kawai in ci gaba da kula. Muka fito. Aka ba ta kujera, aka zuba mata kofi. Ni na zauna a kan tabarma, daram, na miƙe ƙafa. Habboba tana gefe tana jan carbi da sauri fiye da kullum.

Sai ga sallama. Ya shigo cikin farar jallabiya mai guga, ya sha turare, ya yi aski. Ganin taron ya ɗan ja baya, ya dube ni. Na gyaɗa masa kai, na nuna matan da ido: shaidu.

Ya durƙusa a gaban daya ya gaishe ta. Sannan ya ɗaga murya yadda na koya masa.

"Hajja, na zo a yi mini ƙarin nawa."

Wata da ke zuba kofi ta ci gaba da zubawa har ya cika ya malala a tire.

Daya ta ce, "Na me, ɗana?"

"Ƙari. Irin wanda kika yi wa iyalina. Na san za ki ƙi da farko, amma ba zan tashi ba sai an yi. Arba'in ta kusa."

Daya mace ce da ta karɓi haihuwar rabin ƙauyen nan, ba abin da ke girgiza ta. Ta ajiye finjalinta a hankali. Ta dube ni sau ɗaya. Na sunkuyar da kai ina gyara wa jariri hula.

Ta ce, "To. A ina kake so a yi maka?"

Wannan ba ya cikin abin da muka haddace, amma mijina ba ya rasa amsa.

"Inda aka yi mata. Kuma in da hali a fi nata yawa, tunda ni namiji ne, aikina ya fi nauyi."

Wani sauti ya fito daga Habboba, kamar an taka kaza. Ta ce tari ne.

Daya ta jawo akwatinta, ta buɗe. Ta ciro almakashi ta ajiye a kan murfin. Ta ciro lanƙwasasshiyar allura ta ajiye kusa da shi. Ta ciro zare. Sannan ta dube shi cikin tausayi, ta faɗa masa sunan abin da Larabci, kalma ɗaya, ta kuma nuna da yatsu biyu yadda almakashin ke yi.

Na ga kalmar ta shiga kunnensa, ta zagaya cikin wannan babban kan, ta je ta samu saƙon da ya aika wa liman. Fuskarsa ta yi fari, ta yi toka, ta koma kalar da ban san sunanta ba. Ya haɗe gwiwoyinsa.

Daya ta ce, "Ka kwanta a nan ko mu shiga ɗaki?"

Daga nan ban san wadda ta fara ba. Rakubar nan sai da ta girgiza. Maƙwabciyarmu ta kwanta a ƙasa tana dukan tabarma. Wata ta shaƙe da dabino sai da aka bubbuga mata baya. Ni kuwa na yi dariyar wata guda da na tara, tun daga cikin cikina, ban riƙe komai ba, kuma ba abin da ya motsa. Mijina ya miƙe, ya nufi ƙofa, ya dawo ya ɗauki takalmi ɗaya, ya fita. Ɗayan yana gidanmu har yau.

Ba wanda ya ɗauki abin a waya. Ba a bukata. Kafin azahar labarin ya tsallaka tur'a, kafin la'asar ya isa Damazin. Washegari da ya je ban-ruwa, manomin da ke maƙwabtaka da hawasharsa ya ɗago daga cikin dawa ya ce, "Mai-ƙari, ya jiki?"

Kwana biyar bai zo gidanmu ba. Habboba ta ce na wuce gona. Na tuna mata wadda ta ba da shaida. Ta ce ita gaskiya ta faɗa, ta koma kan carbinta.

A rana ta shida ya zo, ba turare, ba guga. Ya zauna a bakin ƙofa. Na zaci faɗa ya zo yi, na kuma shirya masa. Sai ya ce, yana kallon ƙasa, "Da almakashin nan?"

"Da shi."

"Kina farke?"

"Ina kallo."

Can ya ce, "Ni kuma na ce kina hutu."

"Ka ce."

"Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Ka tambaye ni? Liman ka fara gaya wa."

Ya jawo wani ƙunshi daga bayansa ya turo mini. Matashi ne, mai taushi, ya sa an cusa masa audugar gonarsa, an bar rami a tsakiya don mai zama kada ya ji ciwo. Ya ce daya ce ta kwatanta masa. Na ce ya makara da wata guda, yanzu ko a kan turmi zan iya zama. Na dai karɓa. Na ce in yana so in ara masa.

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Kin san har yaran makaranta sun kama sunan?"

Na ce na sani, kuma Allah ya ƙara.

Da aka yi arba'in na koma ɗakina da ɗana da lallena, ina tafiya kamar wadda ta ci yaƙi. Mako guda cur ban ji wanda ya kira ni da sunan nan ba. Ya bar ni, ya koma inda ya dace. A kasuwa, a masallaci, a bakin tur'a, duk shi ne. Da farko yana ɓata rai, daga baya ya fara amsawa, don in bai amsa ba ba wanda zai sayi dawarsa.

Sai ranar wani biki a unguwar gabas. Na shiga da goyo, ana ta gaishe-gaishe, wata baƙuwa ta tambayi wace ce wannan. Uwar biki ta ce, "Ba ki san ta ba? Ai ita ce matar Mai-ƙari."

Na tsaya da tire a hannu. Wata guda na zaman baho da ƙulle-ƙulle, ashe kalma ɗaya kawai na samu aka ƙara mini a gaba. Na ji haushi har na kasa cin naman. Amma da na zauna na auna, sai na ga ba laifi. A cikin wannan sunan ba ni aka yanka ba.

Baƙuwar daga Damazin take, labarin ya iso mata a gutsure. Da aka watse ta ja ni gefe, ta rage murya, tana kallon gefe kamar yadda ake yi, ta ce, "'Yar uwa, don Allah, wai da gaske an yi masa?"

Na gyara goyona, na sauke ajiyar zuciya.

Na ce, "Yana samun sauƙi."